Mansur Tela da Sandar Fatsar Kawu Yakuba

"Wai ita sandar nan taka, Yakuba, shekararta nawa a duniya?"

Baba Sumana ne ya jefo tambayar, daidai lokacin da Hasiya ta durƙusa tana ajiye tiren shayi gaban tsofaffin biyu, a ƙofar gidan kawunta da ke unguwar Dar es Salam, cikin Yamai. Ba ita aka tambaya ba. Mijinta Mansur ma, da ke zaune a bakin tabarma, ba shi aka tambaya ba, sai dai shi tun da Allah ya yi shi bai taɓa ganin wannan ya isa hana mutum magana ba.

Sandar ta fatsa ce, ta kamun kifi. Doguwa, siririya, launin zuma, an ɗaɗɗaure ta da jan zare wuri-wuri tun daga gindi har tsini. Kusa da mariƙinta akwai muline, ɗan injin nan mai hannu da ke sakin zare yana naɗe shi. Kawu Yakuba, wanda ya riƙe Hasiya tun rasuwar mahaifiyarta, gadon sandar ya yi daga ubansa. A gidan nan yaro na iya fasa tulu a yafe masa kafin magariba, amma sandar nan ko ƙuda ya sauka a kanta sai Kawu ya bi shi da harara. Shekara goma sha huɗu Hasiya ta yi a gidan, sau ɗaya ta taɓa ta, shi ma da bayan yatsa.

"Sau nawa zan faɗa maka?" in ji Kawu. "Nasaran da babana ya yi wa kuku ne ya ba shi, ranar da zai koma ƙasarsu, shekara guda kafin mulkin kai. Hannu da hannu. Har da hawaye."

"Kana wurin?"

"Ina ƙauye wajen kakata. Amma babana ya faɗa mini da bakinsa."

"Allah ya jiƙan babanka, mutumin kirki ne, amma ya iya zance. Ni da idona na ga irinta a kanti ina ɗan lakwal, ina zuwa makarantar boko, mulkin kai ya daɗe da zama. Saye ya yi, Yakuba."

Shekara arba'in ke nan suna wannan gardama, duk Lahadi a bakin kogi, kuma duk ranar da aka zo kan "saye ya yi" sai jijiyar wuyan Kawu ta miƙe. Ta fara miƙewa ke nan, Mansur ya yi gyaran murya.

Mansur tela ne, atelyensa, wato shagon ɗinkinsa, na unguwar Maourey, keke biyu da madubi ɗaya. Ɗinkinsa ba laifi, in dai mutum bai damu hannun rigarsa ɗaya ya ɗara ɗaya ba. Amma sana'arsa ta ainihi sanin komai ce, ɗinkin na cike lokaci ne kawai.

"Tonton, ai wannan ba abin gardama ba ne," ya ce. "Ku ba ni ita kwana huɗu. In wanke mulinen, in gyara shi, in faɗa muku shekarar da aka yi sandar. In kuna so har watan."

Baba Sumana ya dube shi ta saman tabarau. "Kai tela? Ka taɓa kama kifi?"

"Kama kifi daban, sanin inji daban. Duk abin da ke juyawa yana naɗe zare, ƙanen keken ɗinki ne. Ku tambaya a Maourey, me ba a kawo mini ba?"

Hasiya ta san abin da aka taɓa kawo masa. Fanka ce guda ɗaya, wadda har yau tana juyawa lafiya lau in an tura ta da yatsa.

Kawu ya murza hannun mulinen, ya ji yana ɗan cijewa. Da ma kwana biyu abin na damunsa. Sai ya juyo. "Hasiya, mijin nan naki ya iya?"

Ta buɗe baki. Ta ga idon Mansur, ta ga idon Baba Sumana, kunya ta rufe ta, ta sunkuyar da kai. Su kuwa maza uku suka ɗauki sunkuyon a matsayin i.

"To, albarkacinki na ba shi," in ji Kawu. Ya miƙa sandar da hannu biyu kamar mai miƙa jariri ranar suna. "Lahadi da safe, bakin kogi, gaban kowa. Yadda na ba ka, haka za ka maido mini."

Hasiya ta ɗauke tiren shayi, idonta na kan sandar.

A hanyar gida Mansur ya ƙi ba ta riƙon sandar. Ya kafa ta tsaye a gaban moto, babur ɗinsa, kamar tuta, hannu ɗaya na tuƙi, baki na aiki.

"Daga Lahadi kin huta da zama matar tela. Duk mai fatsa a Yamai zai yi layi ƙofar atelyena. Nasaru, manyan ma'aikata, har sorkawa masunta. Zan sake allo: Mansur, ɗinki da asibitin fatsa. Ɗinkin ma da ƙananan baƙaƙe."

Suna ratsa gefen kasuwar Petit Marché tsinin sandar ya saƙale a rumfar wata mai tumatir. Rumfar ta biyo su taku uku, ta fasa, ta zauna kan tumatir. Sandar kuwa ta rabu biyu, rabi a hannun Mansur, rabi na lilo a buhun rumfa.

"Inna lillahi! Ta karye!" Ya dafe kai, mai tumatir na zuba masa Zabarmanci wanda ba ya buƙatar tafinta.

Hasiya ta sauka, ta ba matar haƙuri, ta taya ta tada rumfa, ta zaro rabin sandar. "Maigida," ta ce ƙasa-ƙasa, "ba karyewa ta yi ba. Gaɓa uku gare ta, zarewa ake. Haka Kawu ke sa ta a jaka."

Mansur ya dubi mahaɗin, ya sauke hannu daga ka. "Na sani mana. Gwada ki nake in ga ko kin san kayan gidanku."

Ranar Alhamis bai buɗe atelye ba. Ya shimfiɗa tabarma a tsakar gidan hayarsu, ya karɓi babban tiren Hasiya da kwanon miyarta na aure, ya tsiyayo esansi, man fetur, daga moto ya cika kwanon. Turnabis ɗinsa, abin kwance kusa, ya yi wa kusoshin girma, don haka ya sa bakin almakashi.

Iklima ta fito daga ɗakin da ke kallon nasu. Bazabarma ce, ɗiyar masunta, soyayyen kifi take sayarwa, kuma bakinta ya fi manta zafi.

"Fofo, injiniya. Yau kuma me ya mutu?"

"Ba abin da ya mutu. Rayarwa nake."

"Haka ka ce ranar fanka."

"Fanka da ma kwananta ya ƙare."

"Ai kai ka ƙirga mata."

Ya danna almakashi. Murfin mulinen ya ɓalle, wani ɗan ƙarfe mai murɗi ya yi tsalle ya haye kansa, ya faɗa cikin robar garin yajin Iklima. Sai da aka tankaɗe yajin kaf da rariya, mutum uku na atishawa, kafin aka same shi.

"Kin gani ko?" in ji Mansur, hawaye na zuba. "Ƙarfen da lafiyarsa. Mara lafiya ba ya tsalle."

Ya juye kayan cikin duka a esansi, manya da ƙanana, ba tare da ya duba wanne ke bin wanne ba. Can ya tsamo wani abu baƙi, zagayayye, mai laushi. Ya ɗaga shi sama don kowa ya gani.

"Ga ciwon. Dauɗar shekara da shekaru ce ta daskare."

"Maigida, kamar fata ce," in ji Hasiya. "Dubi yadda aka yanke ta daidai, har da huda a tsakiya."

"Dauɗa in ta daɗe cikin inji, siffar injin take ɗauka. Wannan karatu ne, ba a lakwal ake ba da shi ba." Ya wurga ta cikin murhun Iklima. Warin ƙonanniyar fata ya cika gidan.

"Dauɗar nan da warin takalmi take," in ji Iklima.

Da aka zo sa mai, ya ce man keke ya yi tsinkewa, abin kogi sai mai mai jiki. Ya shiga ɗaki ya ɗauko man kaɗen da Hasiya ke shafawa, ya haɗa da ɗan man gyaɗa don laushi, ya cusa har sai da ya fito ta gefe. Ya mayar da kaya yadda ransa ya ba shi, ya rufe. A kan tire abu huɗu suka yi saura, cikinsu har da mai tsallen nan da wani ɗan harshen ƙarfe.

"Waɗannan fa?" in ji Hasiya.

"Nasara da ɓarna. Inda abu goma zai isa sai ya sa goma sha huɗu." Ya murza hannun. Ya tafi gaba sumul, ya dawo baya sumul. "Kin ji? Da ƙar-ƙar-ƙar yake yi, kuma ba ya komawa baya. Yanzu shiru, ko ta ina."

"Kawu na son ƙarar nan."

"Don bai san kukan ciwo ba ne."

Ranar Juma'a da safe aka tashi mulinen ya yi baƙi ƙirin a kan taga. Kiyashin Maourey kaf sun ji labarin man gyaɗa, sun zo da iyalansu. Mansur ya ce wannan shaida ce man mai kyau ne. Ya shanya shi a rana su gudu, man ya narke ya bi bango, ya ƙara wani.

Daga nan ya juya kan sandar. Ya kafa wa jan zaren nan ido, idon tela, ya girgiza kai.

"Wa ya yi wannan aiki? Ɗauri kan ɗauri, taki-taki, ba fasali. Ko ɗan koyo ba zai yi haka ba."

Ya sa reza ya yanke su tas, tun daga gindi har tsini. Zobban da zare ke bi ta ciki kawai ya sake ɗaurewa, da zaren surfani ruwan zinariya, ɗauri bibbiyu. Sannan ya kawo takardar goge katako ya shiga kankare launin zuman.

Hasiya ta ji kamar fatarta ake kankara. "Maigida, Kawu cewa ya yi yadda ya ba ka..."

"In za ki san shekarun rago, ba sai kin buɗe bakinsa ba? Wannan fentin shi ya rufe mata baki."

Da ya gama, sandar ta yi fari fat. Sai ga shi ashe ba mulmulalliya ba ce, gefe shida gare ta, da wasu siraran layuka a tsaye daga sama har ƙasa. Ya shinshina ta. Ya ƙwanƙwasa ta a kunne. Ya ɗan cije ta. Sandar ba ta ce masa komai ba.

"To, injiniya, shekara nawa?" in ji Iklima, tana fere kifi.

"Ƙishi take ji. Na ji a rediyo, itace duk shekara layi ɗaya yake yi a ciki. Ita ta bushe, layukan sun shige. In ta sha ruwa za su fito in ƙirga. Dubi rashin imani, shekara nawa ana kai ta bakin kogi ba wanda ya taɓa ba ta ruwa."

Ya zare ta uku, ya tsunduma a tano, gangar ruwan da ke bakin famfo, ya ɗora dutse kada ta taso.

"A tanon da muke wanke-wanke?" Iklima ta miƙe da wuƙa a hannu. "Ni ɗiyar sorko ce. Ubana kwalekwale kawai yake jiƙawa, shi ma don kada ya yi yoyo. Sandarka yoyo take?"

"Ubanki taru ya sani. Wannan ilimin Nasara ne."

"Nasaran da ka ce ɓarna gare shi jiya?"

"Jiya daban."

Ranar Asabar Hasiya ta sa hannu cikin tanon. Ruwan ya yi yauƙi kamar na kuɓewa, yana manne yatsu. Ta nuna masa.

"Madalla," ya ce. "Tsufan ne ke fita."

Ta yafa mayafi da niyyar zuwa Dar es Salam ta faɗa wa Kawu komai. Ta kai bakin titi, ta tsaya tana shirya yadda za ta fara. Duk ta inda ta ɗauko zancen, sai ya biyo ta kan cewa mijinta bai iya ba, kuma ita ta sunkuyar da kai. Taksi uku suka tsaya mata, suka gaji suka wuce. Ta sayo gishirin da ba ta buƙata ta koma gida.

Ta tarar ya tsamo sandar ya shanya a kan kwanon ɗaki, cikin ranar azahar. Layin shekara ko ɗaya bai fito ba. Shi kuwa yana kan keke, yana ɗinka wa mariƙin riga ta shuɗiyar shadda, da sunansa da lambar wayarsa a jiki.

"Ka samu shekarun?" ta tambaya.

"Suna hanya," ya ce, bai ɗago ba.

Lahadi da hantsi bakin kogin Isa ya cika fiye da kullum. Ga Kawu Yakuba cikin farar riga, ga Baba Sumana da sauran tsofaffin da suke fatsa tare, kowa da kujerarsa ta naɗewa. Ga masu wanki suna bugun kaya a kan duwatsu. Hasiya ta zo da kwanon dambu da kopto, kwaɗon ganyen zogale, kamar yadda ta saba kawo wa tsofaffin. Iklima kuwa ranar ko wuta ba ta hura ba, ta ce abin da za ta gani yau ya fi ciniki.

Mansur ya iso da sandar naɗe cikin ƙyalle, sanye da tabarau baƙi. Ya gaida kowa da hannu, har masu wanki, sannan ya yaye ƙyallen.

Kawu ya duba, ya duba bayan Mansur. "Ina sandata?"

"Ga ta, Tonton."

"Wannan ai rake ne aka fere."

"Asalin launinta ke nan. Yau ne kuka fara ganin fuskarta."

"Jan zaren fa?"

"Na sauƙaƙe mata."

Kawu ya miƙa hannu, ya tallabi mulinen. Rana ta riga ta yi aikinta, man kaɗe ya tsiyayo ta tsakanin yatsunsa ya sauka kan farar rigar, ɗis, ɗis, ɗis. Ya kai hanci. Ya juya ya dubi Hasiya. Ita kuwa ta sami wani abin kallo mai muhimmanci a murfin kwanon dambu.

"Mu dai shekaru muka zo ji," in ji Baba Sumana.

"Sai bayan gwaji, Tonton. Sanda sai ta yi aiki take faɗin gaskiya. Ku ba ni wuri."

Kafin Kawu ya ce uffan, Mansur ya karɓe ta, ya naɗe ƙafar wando, ya taka bakin ruwa. Ya wurga. Mulinen, da ba sauran abin da ke riƙe shi, ya yi ta juyawa bayan ƙugiya ta faɗi nan gaban ƙafarsa, zare ya cukurkuɗe ya zama kamar taliyar da aka manta a tukunya.

"Ɗumama jiki take," ya ce. Ya zauna warwara, masu wanki suka bar wanki suka matso.

Wurgi na biyu kam, a faɗi gaskiya, ya yi nisa. Ƙugiya ta tashi sama, ta yi ta tafiya. Mansur bai jira ganin inda za ta sauka ba, ya juyo wajen jama'a, ya buɗe hannu ɗaya don karɓar yabo. Shi ya sa shi kaɗai ne a bakin kogin nan bai ga wani dogon kwalekwale mai inji ba, shaƙe da kabewa, yana gangarowa. Ƙugiyar ta sauka a kansa, ta cafki igiyar da aka ɗaure kaya.

Zare ya miƙe. Sandar ta fizge shi ya juya.

"Giwan ruwa!" ya ƙwala ihu. "Allahu akbar! Wurgi ɗaya!"

"Kwalekwale ne!" in ji masu wanki. "Saki!"

"Hassada! Ku matsa!"

Hannun mulinen ya shiga juyawa baya da gudun bala'i, yana dukan gaɓoɓin yatsunsa, tas-tas-tas-tas. Ya kai ɗaya hannun don ya tare, shi ma ya sha nasa. Mai na fantsama a tabaransa har ba ya ganin gabansa.

"Danna birki!" Kawu ya miƙe tsaye. "Murɗa birkin, ɗan nan!"

"Wane birki?"

"Na fata, da ke ciki!"

"Kala suru, sai haƙuri, Baba," in ji Iklima. "Birki na murhuna tun Alhamis."

Zare ya ƙare. Sandar ta lanƙwashe, ta ƙara lanƙwashewa. Mansur ya kafa dugadugai a laka yana kiran sunan kifin da zai ishi mutum talatin. Sai aka ji wata ƙara, kyaaat, irin ta sabon yadi in tela ya yage shi. Ashe siraran layukan nan mahaɗi ne: tsagin gora shida aka manne suka zama sanda ɗaya. Ruwan tano ya cinye mannin, reza ta cinye ɗaurin. Sandar ta buɗe daga tsini har gindi, ta baje a hannunsa kamar tsintsiya. Mulinen ya ɓalle, ya yi tsalle biyu a kan dutse, ya amayar da kayan cikinsa. Zare ya tsinke, Mansur ya zauna daɓas cikin laka har ƙugu.

Mai kwalekwale ya ɗaga ƙugiyar, ya aiko da gaisuwar da ta haɗa da iyaye da kakanni, ya wuce da kabewarsa.

Kawu Yakuba na tsaye, hannuwansa a sake, yana kallon abin da ya rage na ubansa. Hasiya ta ji da ƙasa za ta tsage da ta shige, ta ja ƙasar ta rufe.

Mansur ya cire tabarau. Ya dubi tsintsiyar da ke hannunsa. Sai ga fuskarsa ta washe.

"Alhamdu lillahi! Abin da nake jira ke nan!" Ya miƙe, laka na zuba. "Ta buɗe baki! Ku ƙirga da ni. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida. Kowane tsagi shekara goma. Sittin cif! A cire sittin daga bana, alif ɗari tara da sittin da biyar. Na ce zan faɗa, na faɗa."

"Watan fa?" wani mai wanki ya tambaya.

"Watan ya faɗa ruwa," in ji wani.

"Wayyo ni," in ji Iklima, ta dafe ƙirji. "Tsintsiyata tsinke ɗari uku gare ta. Ashe da ita aka share jirgin Annabi Nuhu, ni ina nan ina share ƙayar kifi da ita!"

Dariya ta ɓarke har masu wankin can nesa suna tambayar me aka yi. Kawu kaɗai bai yi ba. Ya juya a hankali wajen abokinsa.

"To, Sumana. Ga shaidarka. Shekara biyar bayan mulkin kai, in ji malamin. Ka ci gardama. Karɓi abinka."

Baba Sumana ya dubi Mansur tun daga kumburarrun yatsu har wandon da laka ta rina. Ya dubi rigar shaddar da ke lilo a mariƙin, da lambar waya a jiki. Ya dubi idon Kawu, ya ga sun kaɗa. Ya cire hula ya sosa kai.

"Yakuba, shekara arba'in ina faɗin maganar nan, ban taɓa jin kunyarta ba sai yau da ta fito daga bakin wannan. Ni ba zan tsaya layi ɗaya da shi ba. In shi ya ce bayan mulkin kai ne, to wallahi Nasara ne ya ba babanka. Hannu da hannu."

"Har da hawaye?"

"Har da majina."

Kawu ya yi wata 'yar dariya da ta fito tare da ruwan ido, ya share da hannun rigar da ta sha mai. Sannan ya nuna Mansur da yatsa. "Kai kuma, in ka zo gidana, ko buta ce ka ga ta faɗi, ka bar ta a kwance."

"Tonton, in aka samu manni mai kyau, kwana biyu kawai..."

"Mansur!" Tsofaffi biyar suka faɗa baki ɗaya.

Hasiya ta matso ta durƙusa. "Kawu, ka yafe mini."

"Ke me kika yi, 'yata? Aure kawai kika yi. Tashi ki tattara mini ita. Ko tsintsiya ce, ta babana ce."

Ta bi bakin ruwa tana tsince, tsagi-tsagi, zobe-zobe, tana zubawa a mayafinta. Can gefen wani dutse ta ga ɗan murfin tagulla da ke toshe gindin sandar, ya fita ya cika da laka. Ta tsuguna ta ɗauraye shi. A cikinsa, can ƙasa inda ido bai taɓa kaiwa ba, an buga lambobi huɗu da ƙarfe.

Hasiya a aji huɗu ta bar lakwal, amma lamba ba ta taɓa yi mata gardama ba. Ɗaya, tara, shida, biyar. Ta goge da babban yatsa, ta sake karantawa. Ba su sauya ba.

Ta ɗaga kai. Ga Kawu can ya zauna, masu wanki sun kewaye shi, yana ba su labarin ranar da Nasara ya rungume kukunsa, Baba Sumana na gyaɗa kai yana ƙara masa abin da ya manta. Sanda ta tafi, labarin nan kaɗai ya rage masa. Ga Mansur kuma can, yana wanke wando yana bayyana wa wani tsoho cewa laifin mai kwalekwale ne da bai yi oda ba, idonsa kuwa na kan agogon hannun tsohon, har ya fara tambayarsa ko yana latti. Mutumin da ya yi kuskure gaban jama'a ke nan. Hasiya ta auna yadda zai zama in ya ji ya yi daidai, ta ji tausayin duk wani agogo da firji da ke Yamai.

"Me kika tsinta kike ta kallo?" Iklima ta leƙo ta kafaɗarta.

"Ba komai, Yaya. Laka ce."

Ta mayar da murfin a gindin sandar, ta ɗauki dutse ta buga masa sau uku, da ƙarfin da ita kanta ba ta san tana da shi ba, har bakinsa ya lotse ya kama itacen gam. Ta naɗe mayafin ta kai wa Kawu da hannu biyu, ta koma ta buɗe kwanon dambu ta fara zuba wa tsofaffi.

Mutane sun daɗe suna cewa Hasiya ba ta da magana. Ranar nan, tana miƙa wa mijinta nasa kason a hannun da bai kumbura sosai ba, ta yanke a ranta cewa wannan karon da gangan za ta yi shiru, kuma ko a kabari aka tambaye ta sai ta fara duba ko Mansur na kusa.